Zan iya riƙe cocina ba tare da na yaudari kowa ba?

TAMBAYA

Anti, barka da ƙoƙari. Daga jihar Utah ta Amurka nake rubuto miki, kuma ina roƙon arziki kada ki sa sunana. Shekaruna 26. Tun ina goye iyayena suka shiga Ikkilisiyar Yesu Almasihu ta Tsarkakan Kwanakin Ƙarshe, wadda aka fi sani da cocin Mormon. An yi mini baftisma ina ɗan shekara 8, na yi shekara 2 ina aikin bishara, ina fitar da ushirin albashina, kuma takardata ta izinin shiga haikali, ɗakin ibada mafi tsarki a wurinmu wanda ya bambanta da majami'ar ranar Lahadi, tana cikin aljihuna yanzu haka.

Tun ina shekara 13 na gane cewa maza nake sha'awa, ba mata ba. Ban taɓa aikata komai da kowa ba. Na yi azumi, na yi kuka, na roƙi Allah ya cire mini in na kammala aikin bishara. Yadda na tafi haka na dawo. Wata 4 da suka wuce na faɗa wa bishop ɗinmu. Bai tsawata mini ba, ya ce sha'awar ba zunubi ba ce, ya kuma bar mini ajin da nake koyarwa ranar Lahadi.

Yanzu akwai wata yarinya a cocinmu, mai hankali, mahaifiyata na ji da ita, har an fara zancen aure. Ba ta sani ba, iyayena ma ba su sani ba. Anti, na gaskata addinina, ba na son barinsa. Amma in na hango kaina ina tsufa ni kaɗai sai numfashina ya ɗauke. Wani daren nakan ce da ma kada Allah ya tashe ni. Zan iya zama ɗan cocin nan a yadda nake? Ko in aure ta in yi shiru?

Ɗanki, daga Utah

AMSA

Ɗana, daga ƙarshen wasiƙarka zan fara, domin maganar daren nan ita ta hana ni barci. Na yi shekara 6 ina aikin jinya na dare a wani asibiti a Salt Lake City, kuma na sha karɓar samari masu shekarunka waɗanda da irin wannan kalma suka fara, a hankali, kamar ba komai ba. Don haka ba zan ɗauke ta da wasa ba. A Amurka lambar 988 tana aiki dare da rana, ko ka kira ko ka tura saƙo, kyauta. Ka ajiye ta a wayarka yau. Ka kuma nemi ƙwararren mai ba da shawara kan lafiyar zuciya, mai lasisi, ka faɗa masa wannan jimla yadda ka faɗa mini. In akwai bindiga a gidan da kake kwana, ka ba wani amintacce ya ajiye ta a wani wuri har hankalinka ya kwanta. Yawancin sauran abin da zan faɗa yana iya jira wata ko shekara. Wannan ba ya jira.

Na san wasu masu karatu za su ce me ya kawo wannan zance cikin mujallarmu. Ni ba 'yar cocinka ba ce, kuma ba fatawa ka nema a wurina ba. Yaro ne ya ƙwanƙwasa ƙofa cikin dare yana neman wanda zai saurare shi, ni kuwa ban iya rufe ƙofa a kan irin wannan ba.

Sai maganar yarinya. Kada ka aure ta a kan shiru. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma ina hango ta bayan shekara 5 tana duba madubi tana tambayar kanta me ta rasa da mijinta ba ya ɗokinta, tana ganin laifin jikinta, tana ganin laifin halinta, alhali kuwa tun kafin a ɗaura ka san amsar. A cocinku ma abin ya fi nauyi, tunda auren haikali ba na duniya kaɗai ba ne a wurinku, hatimi ne na har abada. Yaya za ka durƙusa da ita a gaban bagadi, ku riƙe hannu, ta ba da kanta har abada a kan abin da aka ɓoye mata?

Kuma ka sani cocinka bai ce ka yi haka ba. Da can an sha ba samari irinka shawarar su yi aure, wai zai warke. An ga abin da ya biyo baya: gidaje sun watse, an bar mata da 'ya'ya da baƙin ciki. Tun a 1987 Gordon B. Hinckley, wanda daga baya ya zama shugaban cocin, ya faɗa a babban taro cewa kada a ɗauki aure a matsayin maganin wannan al'amari. Akwai maza irinka da suka auri mata bayan sun faɗa musu komai tun farko, matan suka zaɓa da idonsu a buɗe. Wasu suna tare har yau, da yawa sun rabu. Ko wannan hanyar za ka bi wata rana, sharaɗinta na farko shi ne mace ta sani tun kafin zuciyarta ta yi nisa. Ita wannan da ake zancenta, ba dole ne ka buɗe mata sirrinka gaba ɗaya ba in ba ka shirya ba. Amma dole ne ka dakatar da zancen auren, kuma da bakinka, ba ta hanyar ɗauke ƙafa a bar ta tana zullumi ba. Ka ce mata ba ka cikin halin yin aure yanzu, kuma dalilin daga gare ka yake, ba daga gare ta ba. Za ta ji zafi. Zafin wata 3 ne, ba na shekara 30 ba.

Yanzu ga babbar tambayarka. A rubuce, amsar ita ce e, za ka iya, kuma bishop ɗinka bai yi maka alfarma ba, ƙa'ida ya bi. Matsayin cocin a yau shi ne sha'awar jinsi ɗaya ba zunubi ba ce, aikata ta ne zunubi. Mutum yana iya faɗa a fili cewa haka yake, ya ci gaba da karɓar jibin Ubangiji, wato gurasa da ruwan da ake rabawa a ibadar Lahadi, ya riƙe aikin coci, ya riƙe matsayinsa na firist da cocin ke ba duk namijin da ya cancanta, ya shiga haikali, muddin yana kiyaye dokar tsarkin jiki, wato babu saduwa sai tsakanin miji da mata da aka ɗaura wa aure. A Disambar 2012 cocin ya buɗe shafin intanet na musamman a kan wannan, inda ya yarda cewa mutane ba su suke zaɓar wannan sha'awa ba. Wannan ba ƙaramin sauyi ba ne ga cocin da a shekarun 1970 aka yi wa wasu ɗalibai gwaji da wutar lantarki a jami'arsa ta Brigham Young da nufin sauya su. Yau cocin ya ce ba ya goyon bayan irin wannan “gyara”, kuma a farkon 2020 jihar Utah ta hana ƙwararru yi wa yara ƙanana shi, da amincewar cocin. Saboda haka azumin da ka yi bai gaza don imaninka ya yi ƙaranci ba. Dubban samari sun tafi bishara da irin alkawarinka, sun dawo kamar yadda ka dawo.

Amma zan cuce ka in na tsaya a nan, domin abin da ke kan takarda daban, abin da mutum ke kwana da shi daban.

A yawancin addinai aure alheri ne. A naku, aure yana tsakiyar tauhidin kansa. Koyarwarku ita ce matsayi mafi ɗaukaka a sama ba ya samuwa sai ga namiji da mace da aka hatimce a haikali, kuma sanarwar nan a kan iyali da Hinckley ya karanta a Satumbar 1995, wadda na gani a rataye a bangon falon kusan kowane maƙwabcina, ta ce aure tsakanin namiji da mace tsarin Allah ne. Katolika suna da fada-fada da sistoci, rayuwar rashin aure tana da daraja da riga da suna a wurinsu. Ku ba ku da wannan. Bishop dole ya kasance mai aure. Waƙoƙin yara, darussan Lahadi, huɗubobi, duk iyali suke nunawa. Sau da yawa za ka ji ana cewa ai gwauraye da 'yan matan da ba su samu miji ba su ma haƙuri suke yi, doka ɗaya ce. Ba ɗaya ba ce, ɗana, kuma kana da gaskiya in ka ji haka a ranka. Budurwar da ba ta yi aure ba tana iya fita zance, ta riƙe hannun saurayi, ta kwanta da fatan gobe, kuma duk coci na taya ta addu'a. Kai an ce ka rufe wannan ƙofa ka jefar da mabuɗin. An ga wannan a fili a 2020: a Fabrairu jami'ar Brigham Young ta cire sashen da ya yi magana a kan alaƙar jinsi ɗaya daga dokar ɗalibai, wasu suka ɗauka an sassauta, sai a farkon Maris aka fito da wasiƙa cewa soyayya tsakanin jinsi ɗaya ba ta kai wa ga aure na har abada, don haka ba ta dace da dokar ba. Numfashin da ka ce yana ɗauke maka, ga inda yake fitowa. Ba raunin imani ba ne, lissafi ne ka yi daidai.

Na ga wani ɓangare na wannan tarihi da idona. A Nuwambar 2015, wata 5 bayan Kotun Ƙolin Amurka ta halatta auren jinsi ɗaya a faɗin ƙasar, cocin ya sa doka cewa duk ɗan cocin da ya yi irin wannan aure ya yi ridda, kuma 'ya'yan da ke zaune a irin wannan gida ba za a yi musu baftisma ba sai sun kai 18. Maƙwabciyata, wata dattijuwa da mijinta ke share mini ƙanƙara a ƙofar gida ba tare da na roƙa ba, tana da ɗa irinka, shi kuma yana da 'ya. Na same ta a mota a bakin gida, injin a kashe, ta kifa kai a sitiyari. Ba ta bar cocin ba, ba ta kuma bar ɗanta ba. A makon da ya biyo baya ɗaruruwan mutane suka taru a tsakiyar birnin suka miƙa takardun ficewa. Ranar 4 ga Afrilun 2019 cocin ya janye dokar. Yanzu ana yi wa yaran baftisma, kuma auren jinsi ɗaya ya tashi daga ridda ya koma babban zunubi. Wannan cocin dai shi ya tsaya tsayin daka a California a 2008 don a hana irin wannan aure, shi ya goyi bayan dokar Utah ta 2015 da ta hana korar irinku daga aiki ko gidan haya, shi kuma ya goyi bayan dokar tarayya ta 2022 da ta kare auren a gaban hukuma bayan an sa kariya ga addinai. Wato a kan zaman tare ya sassauta ƙwarai. A kan koyarwa bai motsa ba.

Wasu za su ce maka ka yi haƙuri, sauyi na tafe. Za su kawo maka 1890 da aka daina auren mace fiye da ɗaya, da 1978 da aka buɗe wa baƙar fata matsayin firist da haikali, abin da ya sa iyayenka da kai kuka iya shiga haikalin. Gaskiya ne waɗannan sun faru. Amma shugabannin sun sha nanata cewa koyarwar aure ba za ta sauya ba, kuma Dallin H. Oaks, wanda ya gaji Russell M. Nelson a shugabanci a Oktobar 2025, yana cikin waɗanda suka fi kowa tsayawa a kan haka. Ka yi fatan abin da kake so, amma kada ka gina rayuwarka a kan jiran gawon shanu. Ka yanke shawara a kan cocin da ke gabanka yau.

Mutanen da suka riga ka shiga wannan hali ba hanya ɗaya suka bi ba. Akwai waɗanda suka zauna cikin cocin da cikakken matsayi, ba aure, ba abokin zama. Waɗanda na ga sun jure a cikinsu ba masu ɓoyewa ba ne. Sun faɗa wa mutanensu, sun tara abokai na kusa, suna da gidajen da ake jiransu cin abinci ranar Lahadi, suna da 'ya'yan 'yan'uwa da ke hawa kafaɗarsu. Ƙungiyar North Star ta irin waɗannan ce. Wanda ya ce zai yi wannan tafiya shi kaɗai cikin sirri, shi nake ji wa tsoro.

Akwai waɗanda suka sami abokin zama amma ba su daina zuwa coci ba. A nan ka san farashin. Ana iya kiranka gaban majalisar shugabanni, a taƙaita maka matsayi ko a janye sunanka daga cocin. In aka janye, babu haikali, babu jibin Ubangiji, babu huɗuba ko jagorantar addu'a, babu tufafin haikali da ake sawa a ƙarƙashin kaya, ko ushiri ba za a karɓa daga hannunka ba. Amma ƙofar majami'a a buɗe take, kana iya zuwa ka zauna ka yi waƙa. Yadda za a bi da kai ya danganta sosai da wanda ke kan kujera, domin bishop ɗinku ba malamin da aka horar ba ne, maƙwabci ne, wataƙila likitan haƙori ko akanta, da ke aikin ba albashi na kimanin shekara 5. 'Yan cocin da kansu suna kwatanta abin da caca. Na yanzu mai tausayi ne, ka gode Allah, amma kada ka ɗauka haka kowa yake.

Akwai kuma waɗanda suka tafi. David Archuleta, mawaƙin da ya yi bishara a Chile, ya bayyana kansa a 2021 bayan ya fasa baiko da mata fiye da sau ɗaya, daga baya ya bar cocin, ya kuma faɗa a fili cewa sai da ya kai ga tunanin mutuwa ta fi masa. Shi kuwa Tom Christofferson, ƙanen ɗaya daga manyan shugabannin cocin, da kansa ya nemi a cire shi, ya yi shekara 19 da abokin zamansa, yana cikin haka ya koma zuwa majami'a, daga ƙarshe aka sake yi masa baftisma, ya kuma rasa wannan zama da ya gina. Kowannensu ya samu abu, kowannensu ya biya. Ƙungiyar Affirmation, wadda aka kafa tun 1977, tana tara masu zama da masu tafiya duka, kuma a Provo da Salt Lake City akwai gidajen Encircle, masu tallafa wa matasa irinka da iyalansu. Ka je ka zauna ka ji daga bakin kowane ɓangare kafin ka zaɓa.

Ba zan zaɓa maka ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da zan roƙe ka shi ne ka warware igiyoyi uku da ka ɗaure wuri ɗaya: tsakaninka da Allah, sunanka a rajistar coci, da matsayinka a gidanku. A yanzu kana ganin in ɗaya ta tsinke duk sun tafi, shi ya sa dare ke yi maka tsawo. Majalisa na iya karɓe takardar haikali, ba ta iya hana ka durƙusawa. Addininka kansa ya fara ne da labarin yaro ɗan shekara 14 da ya shiga daji ya tambayi Allah kai tsaye, kuma an koya maka tun kana ƙarami cewa kowa na da ikon neman amsa don rayuwarsa. Shekara 13 kana addu'a ɗaya, a cire maka. Ko ka taɓa tambayarsa me yake so ka yi da rayuwarka a yadda kake? Ka gwada wannan, ka ba ta lokaci. Ba wanda ya sa maka wa'adi. Abu ɗaya dai, duk ranar da ka zauna gaban bishop don sabunta takardarka, ka faɗi gaskiya ko da za ta ci takardar. Mutumin da ke shiga haikali da ƙarya a baki ba ya samun kwanciyar da ya je nema.

Saura iyayenka. Ina ganin mahaifiyarka za ka fara faɗa wa, ita kaɗai, a ranar da ba baƙi ba hidima, kuma bayan ka riga ka sami mai ba ka shawara da aboki ɗaya da zai ɗauki wayarka ko ƙarfe 2 na dare. In a gidansu kake zaune ko a hannunsu kake ci, ka tanadi inda za ka kwana in abin ya yi zafi. Kada ka auna ta da abin da zai fito daga bakinta a daren farko. Kai ka yi shekara 13 kana juya maganar, ita minti 13 ba ta yi ba. Za ta yi kuka, za ta tambayi inda ta kuskure, tsoronta mafi girma kuwa shi ne kujerarka ta zama wofi a cikin iyalin da aka hatimce har abada. Ka gaya mata cewa ba ka bar ta ba, ba ka bar Allah ba, kuma bishop ya sani. Wannan na ƙarshen zai sanyaya mata rai fiye da yadda kake zato.

In ta sami natsuwa, akwai abin da ya kamata ta sani. Wani bincike da Caitlin Ryan da abokan aikinta na jami'ar jiha da ke San Francisco suka wallafa a 2009 ya gano cewa matasa irinka da iyalansu suka ƙi su ƙwarai sun ninka waɗanda ba a ƙi ba fiye da sau 8 wajen yunƙurin kashe kansu. Ba a ce iyaye su sauya addini ba. Abin da aka gani shi ne ko rage tsangwama kaɗan yana rage haɗarin, kuma cibiyar binciken tasu ta fitar da ɗan littafi musamman don iyalan cocinku a 2012. Shugabannin cocin da kansu sun ce kada iyaye su kori ɗa ko su yanke shi saboda wannan. Iyayen Tom Christofferson, tsofaffi masu riƙon addini, sun ci gaba da karɓarsa da abokin zamansa a duk taron iyali, kuma ya ce wannan ne ya bar masa hanyar dawowa. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, balle kai ba ruɓewa ka yi ba.

A wannan makon abu biyu kawai nake so daga gare ka: ka sami ganawa da mai ba da shawara, ka kuma yi wa yarinyar nan magana kafin mahaifiyarka ta ƙara taku ɗaya a zancen auren. Maganar zama ko tafiya ka ajiye ta tukuna, ka je cocinka ranar Lahadi ka koyar da ajinka. In ka yi waɗannan, ka sake rubuto mini ka gaya mini yadda kuka yi da ita, da kuma ko kana samun barci.